Daga Ina Iccen Nan Ya Fito?

Ya ɗan'uwana mai karatu, sa'ad da ka tafi kasuwa sayen icce, wace tambaya kake yi? "Nawa ne?" Daga nan sai ciniki. Amma akwai tambaya ta biyu wadda ta wajaba ga mai bi: "Daga ina ya fito?"

Bari in ba ka labarin kaina. Wata shekara ina neman icce domin rumfa. A kasuwar Buza na tarar da mutum biyu. Ɗaya ya saro rassa daga gonarsa, nasa da tsada. Na ɗayan kuwa manya ne, ga araha. Na sayi mai araha, na koma gida ina murna. Bayan kwana uku na bi ta gonar wata gwauruwa ta ikilisiyarmu, na same ta tsaye a bakin kututturen gawonta. An sare shi da dare. Da na bincika, ashe rassansa ne a rumfata. Ban riƙe gatari ba, amma kuɗina ne ya biya mai gatarin.

Ka san amfanin gawo. Da damina yakan zubar da ganye, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani awaki su ci 'ya'yansa. Abincin marayu ke nan na saya da araha.

Tuna da wahalar da aka sha. Bayan yunwar 1973 iska tana kwashe ƙasar kwarin Majiya, tana binne shuka. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a can domin tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984, shekarar babban fari, aka soma aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka yi yawancin aikin: suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su domin tsare ruwa, suka dasa itatuwa a kan fako. Za mu sayar da guminsu saboda rangwamen dala kaɗan?

A Turai masu saye da yawa sukan tambayi yadda aka samo katako ko koko kafin su biya, kamfanoni kuwa suna tsoron wannan tambaya. Haka yake a Madawa. Abin da mai saye ya ƙi, mai sayarwa ba zai sāke kawowa ba.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce? Karanta Farawa 2:15. Aiki biyu Allah ya ba Adamu a gonar Aidan, noma da tsaro. Karanta Kubawar Shari'a 20:19. Ko a lokacin yaƙi an hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da abinci. In an hana mayaƙi, ina ga kai da ni?

To, me za mu yi?

1. Mai gida, tambayi asalin icce da gawayi kafin ka biya.
2. Ka riƙa saye wurin wanda yake sare reshe ya bar uwar, ko da zai ƙara maka kaɗan.
3. Uwargida, gina murhun laka mai cin icce kaɗan.
4. In kai ne mai sayarwa, ka sani Allah yana ganin abin da ka bari a bayanka.

Na koma wurin gwauruwan nan na roƙi gafara, na tsare mata sabon gawo da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya. Amma dasa icce ba ya wanke zunubi. Yesu Almasihu ne kaɗai ya biya cikakken tamani, da jininsa a kan gicciye. In lamirinka ya kāshe ka yau, zo gare shi.

Addu'a: Ya Ubangiji, ƙasa taka ce. Ka gafarta mini kwaɗayin araha. Ka koya mini in saya da tsoronka. A cikin sunan Yesu, Amin.