Rai Ya Girmi Gwamnati

A Yunin 2022, wata biyar bayan kashe-kashen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin Bello Matawalle ta ce Zamfarawa su nemi lasin bindiga. Hafsan tsaro na ƙasa ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan ne kuma daliget suka fid da ɗan takarar shugaban ƙasa na APC a Abuja. Duka biyun, ba wanda ya shawarci manomin Nasarawar Burkullu.

To jama'a, hukumar da ta kasa tsare mutum, da wane baki za ta hana shi tsare kansa? Sai dai ɓarnar wasu 'yan sa-kai ta isa ishara: a ba shi bindiga da lasin, in ya zalunta ya tsaya gaban alƙali. Allah ya kyauta.