Laifin wa: mai bindiga ko mai gida?

Mai karatu, in har ka na karatun littattafan Hausa, na san ba ka manta da Abu ba, yarinyar nan ta cikin Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Babu ɗan bindiga ko ɗaya a labarin. Uban ta ne da kan sa ya cire ta daga makaranta, ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya yi jika da ita, har azaba ta sa ta gudu Kano. Haka ma a Alhaki Kwikwiyo Ne, Alhaji Abdu ne ya kori Rabi da 'ya'yan ta tara saboda amarya. Ba don Rabi ta tsaya da sayar da abinci ba, Allah kaɗai ya san inda budurwa irin Saudatu za ta ƙare.

To, zamani ya sauya. Tun da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka maimaita a Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, marubuci ya samu mugun da ba sai ya wahala wajen zana shi ba. Kuma haƙƙi ne a ba da wannan labari. Wanda duk ya kalli The Milkmaid na 2020, inda Maryam Booth ta fito a Zainab, yarinyar da aka sace har ta saje da masu sace ta, ya san zafin abin.

Tsoro na shi ne kada ƙarar bindiga ta rufe mana laifin cikin gida. Ɗan bindiga baƙo ne, zagin sa ba ya ɓata wa kowa rai. Uba kuwa, ai shi ne mai sayen littafin, shi ya sa ake lallaɓa shi. Amma ka duba: an kori mutane daga ƙauye, uba ya ce ya tafi ci-rani bai waiwayo ba, uwa ta ɗora wa 'yar shekara 14 talla har dare. Ko kuma yarinya ta kuɓuto daga daji da goyo, dangi su ƙi cin abinci kwano ɗaya da ita. Wa ya tilasta masu? Rashin tsaro uzuri ne ga wanda aka fi ƙarfin sa. Wanda ya ke da ikon riƙe 'yar sa ya sake ta, ba shi da wannan uzurin.

Sannan ka lura da yadda yawancin labaran mu ke raba hukunci. Yarinya ta samu ciki, ko cuta, ko mutuwa a gadon asibiti. Uban fa? Hawaye biyu a fitowar ƙarshe, a ce masa ƙaddara ce, shi kenan. Balaraba dai ba ta yi haka ba: ta bar Abu ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya, Alhaji Abdu kuma sai da ya ga dukiyar sa ta ƙone.