Nasiha Kan Fitilar Mota: Kada Mu Jira Sai Ƙwan Ya Mutu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ko Kano zuwa Katsina bayan sallar isha'i ya san irin motocin da ake cin karo da su. Wata ido ɗaya gare ta, sai ka ɗauka babur ne, ka matsa tsakiyar titi. Wata haskenta ja-ja-ja kamar aci-balbal. Wata kuma ta dallare maka ido har ka daina ganin gabanka. Duk ukun haɗari ne, kuma gyaransu bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, irin su Golf 3 da Sharon da Fijo 406, da dama sun haura shekara 20 a duniya, kuma ƙwan halojin suke amfani da shi. A cikin wannan ƙwai akwai siririyar waya wadda ke yin jawur ta ba da haske, kuma kullum aka kunna ta sai ta ɗan zaizaye. Ƙarfinsa yakan ƙare tsakanin awa 500 zuwa 1,000. Direban da ke tuƙin awa uku kowane dare, da ƙyar ƙwansa zai yi shekara. Abin tsoron shi ne ba farat ɗaya yake mutuwa ba. A hankali yake dushewa, idon mai motar yana sabawa, har ya koma zargin hazo ko tsufan idonsa.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ƙaramin haske, wanda direbobi ke kira dim, bai cika wuce mita 50 zuwa 60 ba ko da ƙwan sabo ne. Ke nan daƙiƙa biyu gare ka tsakanin hango tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a kan kwalta, da isa gare ta. To ina ga wanda ƙwansa ya gaji? Mai keke da mai amalanke da yaron da aka aika tsallaken titi, su ne ke biyan bashin sakacinmu.

Don haka, ya kai mai mota, idan ƙwai ɗaya ya mutu canza duka biyun, domin tare suka fara aiki, ɗayan ma yana kan hanya. Duba lambar da ke jikin tsohon, ko H4 ce ko H7, ka sayi irinta. Ƙwan H4 na asali wat 60/55 ne. Kada wani ya ruɗe ka da mai wat 100/90 wai ya fi haske; zafinsa kan narkar da soket, ya ƙona wayoyi, wani lokaci har gobara. Wajen sakawa kada yatsa ya taɓa gilashin, saboda maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwan ya mutu da wuri. Idan murfin fitilar na roba ya yi rawaya saboda rana da ƙura, a goge shi ko a sauya, in ba haka ba sabon ƙwai ma a banza.

Samarinmu masu cusa farin ƙwan LED a fitilar da aka ƙera don halojin, ku ji tsoron Allah. Madubin cikinta ba don shi aka yi ba, shi ya sa hasken ke watsuwa cikin idon mai tahowa. Ka ga hanya, ka makantar da wanda zai iya faɗo maka, ina ribar? Bayan kowane canji a faka motar ta fuskanci bango, rewaya ya saita hasken ya sauka ƙasa, ya kuma duba wayoyin da suka yi tsatsa.

Nauyin bai tsaya kan direba ba. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa da Panteka, ku faɗa wa mai saye gaskiya, jabu ne ko na asali. Shugabannin tasha, kada ku bari mota mai ido ɗaya ta yi lodin dare. Fasinja, kana da ikon ka ce ba za ka shiga ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988 take aiki, amma jami'anta ba za su tsaya a ƙofar kowane gida ba. Hanya tana da haƙƙi a addininmu, kuma wanda ya san fitilarsa ta lalace ya hau titi da ita, kada ya fake da ƙaddara.

Yau da magariba, kowa ya kunna fitilar motarsa, ya fito ya tsaya gabanta ya duba. Allah Ya tsare mu, Ya kuma tsare bayinSa daga sakacinmu, amin.