WA YA KAMATA YA FARA SASSAUTAWA?



Yahudawa sun kasa Attaura kashi-kashi, kowace Asabar su karanta kashi ɗaya. A ciki akwai labarin rigimar makiyayan Annabi Ibrahim (AS) da na Annabi Luɗu (AS) kan wurin kiwo. Ibrahim ne baffa, shi ne babba, amma sai ya bar wa Luɗu ya zaɓi ɓangaren da yake so, shi ya ɗauki saura. Isra'iliyyat ne, ba mu gaskata ba mu ƙaryata, sai dai halin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ku duba maƙwabtanmu Gwandu. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, tsakaninsa da baffansa Malam Abdullahi ya yi tsami. Da aka yi tawayen Kalambaina, Bello ya kai masa ɗauki. Suna haɗuwa Bello zai sauka daga doki, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Dattijo fa, malaminsa!

To ga kaka ta zo, a Kebbe da Tambuwal za a fara zaman sulhu kan ɓarnar gona da burtali. Abin da ke damuna, talaka ko yaro ake matsa wa ya ba da haƙuri, mai babban garke ko mai gona goma ya yi gum, wai girmansa zai zube. A shafa fatiha a watse, baɗi a dawo kan burtalin nan dai.

Allah ya sa mu gyara.