Iskar Oksijin da Gyambon Mai Ciwon Suga



Ka sani ya ɗan'uwa, ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Manomi a Kahu sai ya taka ƙaya a gona bai ji ba, ko faso ya tsage masa dunduniya, kafin a farga ya zama gyambo. Naman da jini ba ya isarsa yunwar iska yake yi, shi ya sa ba ya haɗewa.

Daga cikin hikimomin da Allah ya sanar da likitoci akwai ɗakin ƙarfe da ake rufe majiyyaci a ciki, a matsa iska ta ninka nauyinta na waje sau 2 ko fiye, yana shaƙar zallar oksijin wajen minti 90, a maimaita kamar sau 30 zuwa 40. Matsin nan ne ke narkar da oksijin cikin ruwan jini, ya kai shi ga naman da ya galabaita. Nan sojojin jiki ke samun ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta, sababbin ƙananan jijiyoyi su tsiro. Ite Boerema, likitan fiɗa a Amsterdam, ya nuna a 1960 cewa dabba tana rayuwa a ɗakin ko da an kwashe kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jininta. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci! A Suwidin kuma, binciken Löndahl na 2010 ya sami kashi 52 cikin ɗari na masu gyambon da suka shaƙi zallar oksijin a ɗakin sun warke bayan shekara, waɗanda ba su shaƙa ba kashi 29.

Sai dai na'ura ce mai tsada, kuma ba ta raya abin da ya ruɓe, ba ta buɗe jijiyar da ta toshe. Dole a kankare mataccen nama, a saita suga, a ɗauke wa ƙafar nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Ana cewa jifa ne ko sammu, ana barbaɗe har ƙafa ta yi baƙi, sannan a nufi babban asibitin Rano, daga can a tura Asibitin Malam Aminu Kano, inda wani lokaci sai yankewa. Alhali alwala tana sa mu tsettsefe yatsu kullum. Mai suga ya duba tsakaninsu da idonsa, ya tsane su, ya daina tafiya ba takalmi. Idan an ɗaure ciwo kada ya kwance don alwala, domin Muhtasar na Shehu Halilu ya yi bayanin halaccin shafa a kan ɗauri.