Mashayi: Mai Zunubi Ne Ko Majinyaci?

Malaman usulu, tun daga Imamu Gazali har zuwa Shaɗibi, sun tabbatar da cewa shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar, wato addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Kuma duk wanda ya yi tadabburi zai ga cewa hankali shi ne tushen taklifi, tun da ba a wajabta wa mahaukaci salla, ba a kuma ƙulla ciniki da shi. Don haka fitinar kodin da taramol da sholisho da wiwi, wadda ta ratsa birane da ƙauyuka har ta kutsa ɗakunan matan aure, hari ce a kan asalin abin da ya sa mutum ya zama mukallafi. Wani rahoton bincike na 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Game da haramci babu jayayya. Ko da yake Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya bambanta tsakanin abin da ke bugarwa da abin da ke ɓata hankali da abin da ke gusar da ji, bambancinsa ya shafi haddi da ta'aziri ne, bai halatta wa kowa ya kawar da hankalinsa da gangan ba. Wanda ya yi kurɓin farko da ihtiyarinsa, lalle ya ɗauki alhaki.

Sai dai idan jiki ya saba, har ya zama rashin ƙwayar yana kawo gumi da makyarkyata da ciwon gaɓoɓi da ƙauracewar barci, to iradar mutum ta yi rauni, kuma wa'azi kaɗai ba ya ɗaga ta, kamar yadda ba ya saukar da zazzaɓi. Hikimar Ubangiji ta riga mu sanin wannan, domin giya a hankali aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Kuma Buhari ya ruwaito cewa da wani ya la'anci mutumin da ake yawan kawowa saboda sha, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ina wannan tarbiyya, ina mari da sarƙa da 'yan sanda suka tarar a wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda suka fito da mutum fiye da 300?

Saboda haka mashayi mai zunubi ne da ake kira zuwa tuba, kuma majinyaci ne da ke da haƙƙin likita, kuma bai halatta iyaye su ɓoye shi don gudun abin kunya har ya halaka ba. Amma mafi nauyin hisabi yana kan attajirin da ke shigo da ƙwayar, da mai kemis ɗin da ke sayarwa ba takardar likita, da ɗan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya lokacin zaɓe, domin su da cikakken hankalinsu suka zaɓi cin riba da haukatar da 'ya'yan jama'a.