Shin a Kan Kiristanci Aka Kafa Nijar?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

A majalisun matasa, daga Tawa har Kalfu, ana jin masu cewa Jamhuriyar Nijar gini ce ta Nasara, tushenta Kiristanci ne, saboda haka shiga lakwal da yi wa gwamnati aiki duk haramun ne. Magana ce mai nauyi, domin tana iya raba yaro da karatu, ta raba maƙwabci da maƙwabcinsa. Ya kamata muridi ya auna ta da ilimi.

Masu wannan ra'ayi suna da abin riƙo. Faransa ce ta bar wa ƙasar tsarin kotu da na ofis, da hutun Lahadi da na Kirsimeti. An ayyana jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, aka sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Diori Hamani, kuma kundin tsarin mulkin wannan shekara ya raba gwamnati da addini.

To amma wannan rabuwar ba koyarwar coci ba ce. Dokar Faransa ta 1905 an yi ta ne don karɓe iko daga hannun cocin Katolika, har Fafaroma na lokacin ya yi tir da ita. Ko Amurka, a yarjejeniyarta da Tarabulus wadda majalisar dattawanta ta amince da ita a 1797, ta bayyana cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatinta ba. Abin da Nijar ta gada tsari ne na gwamnatin da ba ta ɗauki wani addini nata ba. Mutum yana iya sukar wannan tsari, amma kiran sa Kiristanci kuskure ne.

Sannan ƙasa ta girmi takardunta. A Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a wannan yanki ya karantar. Allo da zaure da zikiri sun riga tutar Faransa zuwa Adar, kuma tutar ta tafi ta bar su.

Ma'aunin mutanen Allah shi ne adalci. Lokacin da azabar Kuraishawa ta tsananta, Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa Habasha wajen Najjashi, sarki Kirista a lokacin, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Bai hana su zama ƙarƙashin mulkinsa ba. Ashe abin dubawa a kowane tsari shi ne ko yana kare raunana, ko yana barin bawa ya bauta wa Ubangijinsa.

An ga inda sakaci da wannan ma'auni yake kaiwa. A watan Janairun 2015 aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar Kiristoci ne mazauna ƙasar, da ba su da hannu a zanen. Son Annabi bai yi umarni da haka ba.

Akwai kuma ruɗi na ɗaya ɓangaren, wato a ce tunda ƙasar Musulmi ce, an gama. Jami'in da ya idar da wuridinsa da asuba, ya karɓi cin hanci da hantsi, ya rushe abin da Shehu ya yi wa'azi a kai, komai aka rubuta a kundi.

Don haka muridi ya nemi ilimin zaure da na lakwal, ya riƙe amanar aikin da aka ba shi, ya kyautata wa maƙwabci ko wane addini yake bi. Allah Ya ba Nijar shugabanni adalai, Ya zaunar da ita lafiya, albarkar Annabin rahama. Amin.